Filin Gida da Fili: Tambayoyinku Kan Sayar da Gida

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk kan sayar da gida ne: nawa za a yanka masa, me za a gyara kafin a nuna wa mai saye, wace takarda za a nema. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida ɗaki uku da falo a fili ƙafa 50 da 75, shekararsa 15 da gini. Ina so in sayar in ƙara jari. Dillali ɗaya ya ce miliyan 25, wani ya ce ba zai kasa 40 ba. Maganar wa zan kama? Daga wani ɗan kasuwa, Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka kama ta kowa tukuna. Wanda ya ce 40 so yake ka damƙa masa gidan, in an yi wata uku babu tayi sai ya dawo ya ce kasuwa ta faɗi. Wanda ya ce 25 kuwa wataƙila yana da mai saye a hannu, yana son ciniki ya faɗa da wuri ya karɓi la'adarsa.

Abin da za ka fara nema shi ne gidaje uku zuwa biyar da aka sayar a unguwarku cikin wata shida da suka wuce. Waɗanda aka sayar muke nufi, aka biya kuɗi aka karɓi makulli. Gidan da aka sa wa miliyan 45 ya shekara a kasuwa ba ya nuna maka komai sai burin mai shi. Mai unguwa ya san cinikin da aka yi, domin yakan sa hannu a matsayin shaida, haka ma maƙwabta da maginan unguwa. Dalilin da ya sa muka ce wata shida shi ne, tun daga 2023 da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin siminti da rodi da kwano ba su zauna wuri ɗaya ba, don haka cinikin shekara biyu baya ya tsufa.

In ka samo su, sai ka kwatanta kowanne da naka. Girman fili nawa ne? Bakin titi yake, ko kan kwana, ko cikin lungun da mota ba ta shiga? Filin gwamnati ne mai satifiket ko awon igiya ne? Akwai ruwa a gidan? Layin yana cin ruwa da damina? Wanda ya fi naka a wani abu ka rage, wanda ya gaza naka ka ƙara.

Sannan ka yi lissafi na biyu don ka gwada na farko. Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai, ka sa naka na gaskiya. A ce fili irin naka babu gini ana sayar da shi miliyan 12 a layinku. A ce magini ya lissafa maka cewa tayar da irin gininka sabo yau zai ci miliyan 25. Naka ba sabo ba ne, ya sha rana da ruwa shekara 15, sai ka cire masa kamar kashi 30 cikin 100, saura miliyan 17 da rabi. Haɗa da kuɗin fili, ka sami miliyan 29 da rabi. In gidajen da ka kwatanta sun tashi a 26 da 28 da 31, ka ga lissafin biyu sun haɗu a tsakanin 28 da 30. Nan kuɗin gidanka yake.

Akwai awo na uku in unguwar ta 'yan haya ce. Gidan da aka sayar miliyan 28 in ana hayarsa miliyan 1 da dubu 200 a shekara, an saye shi ke nan a kan hayar shekara 23 da ɗoriya. Ka ninka hayar naka da wannan adadi ka ga inda zai kai.

Wajen sa suna, ka ɗora kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kan abin da kake son karɓa, saboda babu mai saye da ba ya taya ƙasa. Fiye da haka kana korar masu kuɗin gaske ne, kuma gidan da ya daɗe a bakin dillalai mutane sukan fara cewa akwai wani abu. Ka tsayar da ƙaramin kuɗin da ba za ka sallama ƙasa da shi ba, ka bar shi a cikinka, ko dillalinka kada ya sani.

Abu ɗaya da masu gida ba sa son ji: abin da ka kashe ba shi ne kuɗin gida ba. In ka zuba tayil na ƙasar waje da fitilu masu tsada a cikin lungun da keke-napep ba ya juyawa, mai saye lungun zai fara yi wa kuɗi. In gidan babba ne, ko banki ko kotu za su shiga maganar, ka ɗauki ƙwararren mai kimanta kadara wanda yake da rajista da hukumar ESVARBON ya rubuta maka rahoto. Kuɗin aikinsa bai kai asarar da kuskuren miliyan biyu zai ja maka ba.

Tambaya: Bangon ɗakuna biyu a gidana yana jiƙewa daga ƙasa, fenti yana ɓarewa, wani farin gari yana fitowa. Mai fenti ya ce a shafa fentin mai, wani ya ce a manna tayil zuwa ƙugu. Wanne ya fi kafin in sa gidan a kasuwa? Daga wata malamar makaranta, Zariya.

Amsa: Malama, duka biyun ɓoye ciwo ne. Fentin mai yana toshe bango, lema ta rasa mafita, cikin 'yan watanni ya kumbura ya ɓare falle-falle. Tayil kuwa tura lemar yake yi sama, sai ki ga ta ɓullo a saman layinsa. Masu saye da suka san gini da zarar sun ga sabon tayil a ƙasan bangon ɗakin kwana sun gane, kuma sukan rage fiye da kuɗin gyaran. Ga kuma hukuncin addini: ɓoye aibin kaya algus ne, kuma mai saye yana da damar mayar da ciniki in ya gano aibin da aka rufe masa.

Wannan farin garin gishiri ne da ruwa yake kwasowa daga ƙasa da bulo, in ruwan ya bushe ya bar shi a fuskar bango. Ki fara gano inda ruwan yake fitowa. Ki manna leda mai faɗin ƙafa ɗaya a bangon, ki liƙe gefunanta huɗu da salatif, ki bar ta kwana biyu. In kika ga raɓa a fuskar da take kallon bango, ruwan daga cikin bango yake. Sai a duba bayan ɗakin. Sau da yawa za a tarar da ɗaya daga cikin waɗannan: bututun banɗaki ya tsage a cikin bango, ko kwata tana bin gindin gini, ko an yi ciko a waje har ƙasa ta fi daɓen ɗaki tudu, ko ruwan kwano yana zuba a gindin bango babu daɓe. In babu ko ɗaya, to tun wajen gini ba a shimfiɗa leda a kan fandisho ba, ruwan ƙasa ne yake hawowa, kuma irin wannan ba kasafai yake wuce mita ɗaya ba.

Gyaran ga yadda yake. A tsayar da ruwan tukuna. A yi daɓen siminti faɗin ƙafa biyu zuwa uku a kewaye gindin ginin ta waje, a karkata shi ya riƙa kora ruwa nesa da bango. A ciki, a fasa filastar har zuwa ƙafa ɗaya sama da inda lemar ta tsaya, a goge bulon da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa domin gishirin zai koma ciki. A bar shi ya sha iska mako biyu ko uku. Sannan a sake filasta da buhun siminti ɗaya a kwanon lebura takwas na yashi mai tsabta wanda babu laka a cikinsa, a haɗa da maganin hana ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan gini, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Birkila zai so ya kai yashin kwano goma sha biyu, kada ki yarda. Sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu kafin fenti, in aka yi gaggawa fentin zai yi dabbare-dabbare. A shafa fentin ruwa.

Wajen sayen fenti, ɗaki ƙafa 12 da 12 yana cin kusan lita 10 a shafi biyu, wato bokitin lita 20 ya ishi ɗaki biyu in ba a cika masa ruwa ba. Ki zaɓi fari ko ruwan madara. Kalar da kike so ba lallai mai saye ya so ta ba, kuma farin bango yana sa ɗaki ya yi haske da faɗi.

Tunda kina gyara, ki sa kafinta ya hau rufi ya sauya ƙusoshin da suka ɗago da kwanon da ya huje, a cire silin da ya yi tabon ruwa, a ƙwanƙwasa katakon rufi da na ƙofofi a ji ko gara ta ci. A kwashe sokawe in ya cika, a gyara famfon da yake ɗiga, a sa ƙwan fitila a kowane ɗaki, a fitar da tarkacen tsakar gida. Amma sabon kicin, ko silin na ado, ko sauya tagogi gaba ɗaya, ki bar wa mai saye. Da wuya kuɗinsu ya dawo.

Tambaya: Akwai tsaga a bangon falona. Zai rage kuɗin gida? Daga wani ma'aikaci, Gombe.

Amsa: Ya danganta da irin tsagar, Malam. Sirara kamar gashi da suka bazu a fuskar filasta ba komai ba ne, a cike a shafa fenti. Wadda za ta dame ka ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, wadda ake gani ciki da waje, musamman in tsinken ashana yana shiga ko ƙofar kusa ta fara cijewa. Wannan tana nuna fandisho ya motsa. A wasu sassan Gombe da Adamawa da Borno akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma tana yawan jawo haka. Saiwar darbejiya kusa da gini, ko sokawe mai yoyo, su ma suna yi.

Ka ɗana ɗan siminti a kan tsagar wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka duba bayan wata ɗaya ko biyu. In bai fashe ba, ginin ya zauna, a buɗe tsagar a cike. In ya fashe, aikin injiniya ne. A nan zaɓi biyu gare ka: ka gyara, ko ka karɓi lissafin gyaran a rubuce ka nuna wa mai saye ka cire daga kuɗin. Na biyun yakan fi sauƙi.

Tambaya: Gidana takardar mai unguwa kawai gare shi da takardar cinikin da na saya. An ce sai na yi satifiket zai yi daraja. Gaskiya ne? Daga wani direba, Rigasa, Kaduna.

Amsa: Gaskiya ne gida mai satifiket, wato C of O, ya fi daraja, domin banki yana karɓarsa jingina kuma mai saye yana iya zuwa ofis ya bincika. Amma gidaje masu yawa a garuruwanmu da takarda irin taka ake cinikinsu, ba wani abin kunya ba ne. In ba ka cikin matsi, ka je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ka tambayi hanyar yi wa gidan rajista. In kana gaggawa, ka sayar a yadda yake, kuma ka kwatanta kuɗinsa da gidaje masu irin takardarsa.

Abin da zai taimake ka shi ne jerin takardun ciniki ya zama bai yanke ba: wanda ya sayar maka, da wanda ya sayar masa, har zuwa mai gonar asali in zai yiwu. Ka duba ko shaidun suna raye. Ka sa a auna filin a gaban maƙwabta, domin tsofaffin takardu sukan ce ƙafa 50 da 50 amma igiya ta nuna 46, kuma gara ka sani kafin mai saye ya auna.

Ga masu satifiket kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya ce ba a miƙa wa wani irin wannan mallaka sai da amincewarsa. Saboda haka bayan lauya ya rubuta yarjejeniya akwai neman wannan amincewa, da kuɗin hatimi, da rajista. A fayyace tun farko wa zai biya. Kafin ka sa gida a kasuwa ka biya bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara, ka tabbata sunan da yake jikin satifiket naka ne, kuma in jiharku ta yi aikin sabunta takardu ka tabbata an sabunta naka. Mai saye mai hankali zai je hukumar rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, kuma a can zai ga in gidan yana jingine a banki. In satifiket ya ɓace, sai rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida kafin a ba ka kwafi, abin yana cin lokaci, ka fara da wuri. In akwai takardar izinin gini daga hukumar tsara birane, wato KASUPDA a Kaduna ko KNUPDA a Kano, haɗa da ita.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar gida ɗaya. Mu tara ne da iyayenmu mata biyu, ƙannenmu uku ba su balaga ba. Yayanmu ya samo mai saye. Ya isa ya sa hannu a madadinmu? Daga wata baiwar Allah, Katsina.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, Hajiya. Bai isa ba sai kun wakilta shi, kuma a rubuce. Girma ba wakilci ba ne. Kafin maganar sayarwa ma, a biya bashin mamaci, a fitar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan kotun shari'a ta tantance magada da rabon kowa, har da tumunin da matan biyu za su raba. Rabon yaran da ba su balaga ba yana buƙatar izinin alƙali da wanda zai riƙe musu. Takardar kotun nan ita ce abin da mai saye zai fi dubawa, domin gidan gado da babu ita yana iya komawa kotu bayan shekara goma in ƙaramin yaro ya girma. Shi ya sa ake taya irin waɗannan gidaje da arha.

Kada a bar wanda ya samo mai saye ya zama shi kaɗai ya san kuɗin. A sa mutum biyu ko uku da ba su da rabo su yi wa gidan kuɗi, kowa daban, ko a roƙi kotu ta tura masu kimantawa. In wani cikinku yana son ya riƙe gidan ya biya sauran, a ba shi a kan wannan kuɗi. Kuma ku san da haƙƙin shuf'a: a mazhabar Malikiyya, in wani ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba ga bare, abokin tarayyarsa yana da damar karɓa a kan kuɗin da aka sayar. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a mazhabar, ko da yake yi masa tayi tukuna al'ada ce mai kyau, kuma sau da yawa shi ne mai biya da tsoka saboda yana son faɗaɗawa.

Tambaya: Na ba dillali ɗaya gidana, yanzu mutum bakwai ne suke yawo da shi, kowa da kuɗin da yake faɗa. Ya zan yi? Daga wani ɗan fansho, Bauchi.

Amsa: Baba, ka faɗa hannun 'yan kayi-na-yi. Kowane ya ɗora nasa a kai, gidan da ka sa wa 20 ya isa kunnen mai saye a 26, shi kuma ya ji kuɗi uku daban daga bakin mutum uku sai ya ɗauka gidan rigima ne. Ka kira na farkon, ku rubuta yarjejeniya: ga kuɗin da za a faɗa, ga la'ada, ga wa'adi na wata biyu ko uku. Kashi 5 cikin 100 shi aka fi ji, amma abin daidaitawa ne, kuma a gida mai tsada ana saukowa. A rubuta cewa duk wanda ya jawo cikin cinikin, daga la'adarsa zai sallame shi. Kada ka yarda da "ka faɗi naka, abin da ya hau nawa ne". Kada ka ba kowa asalin takarda, kwafi ya isa, shi ma a ja layi a rubuta a kansa cewa na dubawa ne. Kuma ka ce sai ka zauna da mai saye ido da ido kafin ka sallama. In dillali ya kawo masu tayin ƙarya don a zuga wani ya ƙara, ka hana, shari'a ta haramta wannan.

Tambaya: Akwai 'yan haya a gidan. In tashe su kafin in sayar? Daga Minna.

Amsa: Mai saye don ya zauna ya fi son gida babu kowa, mai saye don haya kuwa zai so ya tarar da masu biya a kan lokaci. In za su tashi, ka duba yarjejeniyarku. In ba ta ce komai ba, abin da aka saba a dokokin haya shi ne notis na wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata, kuma kotu ce take fitar da wanda ya ƙi, cire masa ƙofa ko kwano laifi ne. In za su zauna, kuɗin hayar watannin da suka rage na mai saye ne, a cire a lissafi.

Tambaya: Mun daidaita da mai saye, ya ce zai ba da kafin alƙalami, sauran bayan wata biyu. Me zan kiyaye? Daga wata 'yar kasuwa, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, a rubuta nawa ya bayar, nawa ya rage, da ranar cikawa, da abin da zai faru in ranar ta wuce. Malaman Malikiyya ba su yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami in ciniki ya warware ba, don haka kada ki taɓa kuɗin, a rubuta cewa in ya saɓa za ki mayar masa ki sayar wa wani. Sauran kuɗin ta banki za a biya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Kada ki dogara da saƙon waya, domin akwai na bogi, ki tabbatar a banki cewa kuɗin sun zauna. Sai a sa hannu a gaban shaidu biyu daga kowane ɓangare da mai unguwa, kowa ya riƙe kwafinsa. Ranar ne za ki miƙa asalin takardu da makulli. Ki biya bashin wuta da na ruwa, a rubuta lambar mita da abin da ta nuna a cikin takardar, sannan a lissafa abin da zai zauna a gidan, irin su tankin ruwa da injin rijiyar burtsatse da fankoki da farantan sola, da abin da za ki tafi da shi.